Ƙasa a Kan Kujera

Ba kowane gida Allah ke yi wa baiwar injiniya ba, amma gidan Inna ya dace. Babban ɗanta ya yi shekara da shekaru a kamfanin wutar lantarki, kuma babu wayar da ta taɓa fita daga kamfanin ba ta bi ta hannunsa ba, domin shi ne mai riƙe makullin ɗakin ajiya. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauye da tabarau, da tumbi, da wata 'yar testa ja ta gwada wuta da yake sokewa a aljihun gaba. A gabansa Injiniya ake ce masa. In ya ba da baya, Sarkin Testa.

Ƙanwarsa, autar gidan, ita ke jinyar Inna, wadda ciwon suga ya kwantar. Allurar tsohuwar ba ta son zafi ko kaɗan, shi ya sa hankalin Auta kullum yana kan ɗan firjin da ke falo. To, sai wutar gidan ta fara wasa da hankalin mutane. Ƙwan falo ya yi haske kamar zai fashe, na kicin ya koma jajir. Fanka ta ruga a guje, can kuma ta koma tafiyar mai ciwon baya. Firjin ya yi ta gurnani, kuma duk wanda ya taɓa marfinsa sai ya ja shi har kafaɗa. Auta ta tsorata ƙwarai.

"Yaya, ko in kira mai gyaran wuta na kasuwa?" in ji ta. "Na ga wayar da ta shigo daga falwaya tana tartsatsi in iska ta kaɗa."

Injiniya ya sauke tabarau kan hanci. "Ina raye? Ke Auta, waɗanda suka koya wa ubangidansa aiki, ni nake miƙa musu waya. Tartsatsi kuwa alamar lafiya ce, wuta ce ke motsa jini."

Aka shiga bincike. Ya zaga gida yana dangwala testa a bango, a ƙyaure, a buta, har ƙafar gadon Inna bai bari ba. A jikin firji testar ta kama. Nan wata magana da ya taɓa tsinta a bakin injiniyoyi, suna jiran ya buɗe musu ɗakin ajiya, ta faɗo masa: gidan da ƙarfe ke jan mutum, wayarsa ce ba ta samu ƙasa mai kyau ba.

Ya nufi bayan gidan, inda aka kafa wani ƙarfe a ƙasa tun ranar da aka ja wuta, da siririyar waya ɗaure a wuyan ƙarfen.

"Ga mai laifin," ya ce. "Wannan ce ƙasa? Inda awaki ke fitsari, kaji ke tono? Wutar da aka haifa a manyan injuna, ta keto dazuzzuka, a kawo ta a cusa cikin wannan turɓaya marar wayewa? Ai dole ta yi fushi."

Ya tumɓuke ƙarfen da kansa, aikin ƙarfi na farko da aka ga ya yi tun dawowarsa. Ya shiga mota zuwa birni, ya dawo da baƙar ƙasa daga wurin masu sayar da furanni, cikin sabon bokitin roba. Har tankaɗe ta ya sa aka yi.

"In haƙa rami a zuba, Yaya?"

"Rami? Ƙasa mai daraja ba a ajiye ta a ƙasa."

Ya jawo kujerar katako kusa da firji, ya ɗora bokitin, ya soka ƙarfen a tsakiya, ya ɗaura waya. Auta ta dubi ƙasa a kan kujera, ta ji wani abu bai zauna mata ba, amma ƙanwa ba ta gyara wa yaya magana, balle yaya mai testa. Firjin ya ƙara mugunta, sai da takalmin roba da tsumma take buɗe shi. Injiniya ya ce baƙunta ce, wutar ba ta saba da sabon wuri ba tukuna.

Aiki irin wannan ba ya tafiya ba shaidu. Da hantsi ya tara abokan hirarsa a falo, ya yi musu jawabi kan bambancin ƙasar birni da ta ƙauye, har wani ya yi gyangyaɗi. Sannan ya tuɓe takalmi, ya jiƙa hannu, ya ce kowa ya buɗe ido ya ga ilimi.

Iska ta kaɗa a waje. Ƙwan falo ya yi fari fat, ya fashe, daidai lokacin da Injiniya ya damƙi marfin. Tumbin nan ya yi wata rawa da ba a san ya iya ba. Ya ƙwala wa Inna kira da muryar da rabonsa da ita tun yana goye, wutar ta yi jifa da shi kan kujera, bokiti ya kife. Firjin ya yi wata ƙara, ƙauri ya cika falon, fanka ta tsaya, gidan ya yi tsit.

Auta ta buɗe firjin, ciki duhu. Hawaye suka cika mata ido, na takaici da na tsoro. Ta kwashe kwalaben allurar, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, tana tunanin gidan wa za ta roƙa a ajiye mata kafin rana ta lalata su. Tana bakin ƙofa ta ji muryarsa. Ya miƙe, ƙasar birni har cikin gashin baki, yana dangwala testa a jikin firjin. Testar ba ta kama ba. Ya taɓa da ɗan yatsa, sannan da tafin hannu, ya juyo ya dubi jama'a.

"Kun gani? Ya daina ja. Ke Auta, dawo ki taɓa da kanki."

Gaskiya ya faɗa. Daga ranar, ko ƙwan fitila bai ƙara damun kowa a gidan ba.