Kan Kaka Biyu a Kwamfuta

"Ina gajiya kuma, angon da ba ya tashi ya tarbi matarsa?"

"Gajiya ta bi lafiya, tsohuwa. Ashe har yanzu kina nan? Na ɗauka tuni kin ba mu wuri."

Kaka ce da jikanta, a ɗan ɗakin da yake aiki can ƙasan asibiti, inda ba taga, ba rana, sai sanyin na'ura da ke shiga ƙashi. Aikin jikan shi ne ya karɓi hoton ƙwaƙwalwa daga na'urar ɗauka, ya juya shi zuwa irin fayil ɗin da kwamfutar likitan tiyata ke karantawa. Yau hoton kakarsa ne a hannunsa, kuma abin ya zo masa da tsiya: a fayil na asali ƙarin da za a cire yana dama, a wanda ya juya kuma yana hagu. Kowanne da tambarinsa, kowanne ya kafe shi ne gaskiya. Gobe za a buɗe kan. Bakinsa na zolaya, amma idonsa bai bar kan hotunan ba.

"Don me ka sa aka sauko da ni wannan rami?" in ji ta. "Ko sadakina ka tara?"

"Wa zai biya sadakin mai kai biyu? Zo ki gani. Mutane na fama da ɗaya, ke don haɗama kin ajiye biyu."

"Gara ni. Kai ɗayan ma aro ka yi, kuma babu komai a ciki."

"To faɗa min, wane ɓangare ke miki ciwo?"

"Duk inda muryarka ta shiga."

"Tsohuwa, da gaske nake. Sai kin koma cikin na'ura. Zan manna miki ƙwayar man kifi a gefen dama, ta fito fara a hoto, kowa ya san dama dama ce."

"Wannan kabari mai buga ganga? Sau ɗaya na shiga da raina, ya isa. Uwarka ma da na haifa ba ta isa ta mayar da ni ba."

Don ya rarrashe ta, sai ya taɓa madanni, kwamfuta ta haɗa fatar fuskar a kan hotunan biyu. Ya yi da-na-sani nan take. Fuskoki biyu suka fito suna fuskantar juna, toka-toka, babu gashi, ido a rufe, kamar waɗanda aka gama yi wa wanka na ƙarshe. Shi da ya tashi a bayanta ya duba, ya sake dubawa, ya kasa gane wacce ce kakarsa.

Kaka ta matso da kujera. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ina ka samo ta?" ta tambaya a hankali.

"Wa?"

"'Yar'uwata. Tagwaye aka haife mu, ai ka sani. Ni da hannun dama nake aiki, ita bahaguwa ce. Komai nawa, nata a ɗaya gefen yake, har makwancin gashi. Ciwon kai ne ya ɗauke ta muna 'yan mata."

Ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "To madalla, ga shaida ta zo. Nuna min wacce ce ke, mu huta."

Ta ɗaga yatsa, ta nuna ta dama. Ta sauke. Ta nuna ta hagu. Yatsan ya tsaya a tsakiya.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Ke a madubi kaɗai kika san kanki, shi kuwa madubi juya mutum yake yi."

"Kai ka taɓa ganin madubi a ɗakina? Tun da ta rasu na daina dubawa. Ita nake gani." Sannan ta ƙara da cewa, "Ran nan a cikin na'urar taku, da bugun ya tsaya, wani ya yi numfashi a kunnena na hagu. Shi ya sa na ce ba zan koma ba."

Ya waiga bayansa, alhali ya san su biyu ne a ɗakin. Tsoro ya ji, ba na matacciya kaɗai ba, na gobe.

"Kaka," ya ce, kuma rabon da ya kira ta haka har ya manta, "likita ba zai tsaga kai da shaidar wadda ta mutu ba. In muka yi kuskure, lafiyayyen gefen za a buɗe. Ni kuma ban shirya zama gwauro ba."

"Ji shi. Wa ma zai kwashe ka in ba ni ba?"

"Babu. Shi ya sa nake lallaɓa ki."

Ta yi wata 'yar busasshiyar dariya, idonta na kan fuskokin nan biyu.

"Ka ci, mummuna. Kawo ƙwayar taka. Amma ka tsaya a wurin, ka riƙe min ƙafa."

"Zan riƙe. Cire duk wani ƙarfe da ke jikinki, na'urar ba ta shiri da shi."

Ta kwance 'yan kunnenta, ta zuba masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kansu da hannunta mai sanyi.

"Na ba ka, ka ajiye wa kishiyar da za ka yi min. In na fito, zan zage ka kafin in sauko. In ka ga wadda ta fito ta gaishe ka da ladabi, kada ka kai ta gida."