Rasuwar Rariyar Buga Hoto ta Buza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da fenti bai gama fita a kansu ba, Malam Lurwanu mai buga hoto na samariya, ƙungiyar matasan Buza, yana sanar da jama'ar Adar rasuwar Rariya, wadda ta cika ranar Talata, a bakin rijiya.

An haifi marigayiya bayan yunwar 1974, lokacin da Tanimu, wan Lurwanu, ya ɗaure ƙyallen nailan a jikin katako huɗu. Da ƙaro yake zane a kanta, ya toshe inda ba ya son fenti ya wuce. Sai a aza ta kan takarda, a ja fenti da roba, ta ce "shuuu", a ɗaga ta, ta ce "ɓat". Maganarta ke nan duk tsawon rayuwarta.

Baiwar Allah ce mai haƙuri. Da hotunanta ta yi kiran dashen itace da karatun manya, ba ta taɓa neman ko goro ba. Ruwa kaɗai ne ba sa shiri, don yana narkar da ƙaro, shi ya sa da kananzir ake goge ta.

Zane na ƙarshe a jikinta, mace ce ɗauke da dutse za ta tare zaizayar gona. Tanimu ya zana shi kafin ya tafi cin rani Abijan, inda ƙasa ta rufe masa ido. Shekara da shekaru Lurwanu bai canza zanen ba. In kewa ta dame shi, sai ya ja fenti, hannun wansa ya sake fitowa a takarda.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Lurwanu yana kasuwar Karofane, Gwaggo Kaltume ta are ta don tankaɗen garin suna. Gwaggo kuwa 'yar mutunci ce, ba ta mayar da kayan aro da dauɗa. Ta sa ruwa da sabulu ta dirje ta fes, ta aiko da ita tare da ƙullin gari na godiya. Lurwanu ya ɗaga ta a rana, bai ga kowa a ciki ba. Ya ce a gaida Gwaggo da aiki, ya shige ɗaki ya yi kukan da bai samu yi a kan kabarin wansa ba.

Ta bar roba mai jan fenti, da gwangwanaye da suka bushe, da 'ya'ya na takarda manne a bangon lakwal, wato makaranta, da rumbuna har Keita, waɗanda rana ta riga ta cinye rabinsu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin gawon gidan samariya. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi. Ana roƙon kada kowa ya gaya wa Gwaggo. Wanda kuma hoton mai dutse ya rage a bangonsa, don Allah kada ya ɓamɓare shi. Ya dai aiko da kwatancen gidan, Lurwanu zai zo ya gani.