Ranar da Bidiyon Mamuda Tsawa Ya Yi Magana

Wani mutum ne a kasuwarmu ta albasa, sunansa Mamuda, amma Tsawa ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Cika baki kam ba a magana. In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa hawanta har bakin kasuwa.

Da damina ta kama, sai rufin sitonmu ya fara yoyo, albasa na ruɓewa buhu-buhu. Aka ce ga taron 'yan albasa na jiha za a yi a birni, a tura mutum ɗaya ya kai kuka. Mamuda ya daki ƙirji.

"Ni zan je! Wallahi sai shugaban 'yan albasa na jiha ya yi gumi."

Ya je ya dawo da bidiyo a waya. Hoto tas. Sauti kuwa, mai ɗaukar bidiyon ya je ya maƙale a jikin janareta, ba ka jin komai sai "gurrrrr". Amma ga Mamuda nan ya miƙe, ya fizge makirfo, yana nuna shugaban jiha, Alhaji Maikano, da yatsa, yana buga tebur. Jama'a suka tashi ana ta tafi.

Shi ke nan, mun shiga uku. Duk rumfar da ya zauna sai ya kunna, shi ne zai sa muryar da bakinsa.

"Kun ga nan? Nan ne na ce masa, 'Kai Maikano, ka ji tsoron Allah!' Dubi yadda ya sunkuyar da kai. Kash! Da sautin nan ya fito, da kun ji Larabci. Har Turanci na yi masa."

Kullum jawabin ƙaruwa yake. Ranar Litinin minti biyu ne, kafin Alhamis ya kai awa guda, har shugaban ya yi hawaye. Aka fara cewa in an tashi zaɓen wakili na dindindin ranar Asabar, ai babu kamar Tsawa.

Shugaban reshenmu, Malam Isiyaku, mutum ne mai tausayi. Ya ce bai kamata jawabi irin wannan ya salwanta ba. Bai gaya wa kowa ba ya ɗauki bidiyon ya kai wa Hajiya Balaraba, wadda ke da shagon tace bidiyon biki a bakin tasha.

Ta saurara ta ce, "Malam, wannan sautin ba ya gyaruwa, sai dai a cire shi ɗungurungum a ɗora wani. Wa ya kai lasifika wurin taron?"

Da aka bincika, sai aka yi sa'a ta san mutumin. Ashe ya naɗi komai kai tsaye daga makirfo, irin sautin nan da ba a matse shi ba, ba a rage masa komai ba. Ta karɓo, ta cire gurnanin janareta, ta ɗora wannan, ta daidaita shi da motsin baki. Tana gamawa ta kwanta a kan kwamfuta tana dariya har da hawaye.

"Lafiya, Hajiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ku dai tara jama'a."

Ranar Asabar da hantsi aka cika rumfar ƙungiya maƙil. Ga talabijin, ga lasifika. Mamuda ya shigo da babbar riga mai sitati, yana ɗaga hannu kamar an riga an rantsar da shi.

Malam Isiyaku ya ce, "Tsawa, albishirinka! An samo muryarka."

"Wace... wace murya?"

"Ta ranar taro. Ta asali."

Mamuda ya ce, "Ai ba sai an wahala ba, Malam. Zan iya maimaita muku da baki."

"Haba, ka huta yau," in ji Hajiya Balaraba. "Sautin nan ko numfashi bai ɓace a ciki ba."

Ta danna.

Ga Mamuda a allo ya fizge makirfo. Abin da aka fara ji cikinsa ne: "ƙululululu". Sai muryarsa ta fito rangaɗau, tana rawa:

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ni ba rigima na zo yi ba. Amma a duba lamarin nan. Na kusa da ni an sa masa nama uku a shinkafarsa." Ya nuna yatsa. "Uku! Ni ko ɗaya babu!" Ya buga tebur, bam! "Ƙashi ma ban gani ba!"

Aka ji Alhaji Maikano ya sunkuya yana tambayar na gefensa, "Wannan daga wane reshe yake? Ba su da wani koke ne?"

Mamudan cikin allo ya ce, "Babu, ranka ya daɗe, komai lafiya. Naman ne kawai."

Tafin da muka yi mako muna gani, ashe dariya ce ake yi har da buga ƙafa.

Rumfarmu ta kece da dariya. Wani ya faɗo daga kan benci, tim! Mamuda ya miƙe gumi na zuba.

"Sharri ne! Haɗi ne na kwamfuta! Wannan ba muryata ba ce!"

"To cikin fa?" wani ya tambaya daga baya. "Shi ma ba naka ba ne?"

Malam Isiyaku ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Jama'a, maganar sito ni zan je da kaina jibi. Amma wakilinmu ya kai kuka ba a share masa hawaye ba, wannan abin kunya ne gare mu."

Ya yafito mai tsiren bakin rumfa. Aka kawo faranti ƙato, aka ajiye a gaban Mamuda, tsoka guda a tsakiya.

Muka zuba ido, kowa na jira ya yi zuciya ya fice. Mamuda ya dubi faranti, ya dubi Malam Isiyaku, ya sake duban faranti. Sai ya rage murya ya ce:

"Malam... ɗaya kawai?"