Ranar da na nema wa mai jego miji

Ba zan taɓa mantawa ba da aikin sanin makamar aiki da aka tura ni wani ƙauye kusa da Furfuri, ina aji uku a jami'a, sashen nazarin zamantakewar al'umma. An haɗa ni da gidan wani dattijo, Malam Sahabi, in riƙa zuwa ina lura da zamansu. Malamarmu ta ce duk wanda aka kora daga gidan da aka ba shi, sai ya maimaita shekara.

(Ya kamata ku sani, a lokacin na karanta littattafan soyayya fiye da na darasi.)

A gidan akwai Hanne, ɗiyar Malam, kyakkyawa, mai yawan sunkuyar da kai. Akwai kuma jariri, kullum yana goye a bayan Inna, matar Malam, Hanne ko kallonsa ba ta yi. Na ɗauka autan Inna ne. Sai na lura da wani saurayi da ke zuwa da yamma ya laɓe bayan rumbu. Da ya hango Malam sai ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya sulale. Hanne kuwa da an ambace shi sai ta shige ɗaki.

Nan take na gane komai: an raba masoya. Har hawaye na yi a kan babur, hanyar komawa Gusau.

Ranar da malamarmu ta zo duba aikina, an shimfiɗa tabarma, an kawo fura. Na gyara mayafi, na durƙusa gaban Malam.

"Baba, don girman Allah ka tausaya wa zukata biyu. Ka ba bawan Allahn nan na bayan rumbu auren Hanne."

Malam ya ajiye ludayi.

"Wane? Isiya?" Ya dubi Inna. "Sun rabu ne ban sani ba?"

Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, ai mijinta na. Wankan jego ta zo. Wanga da ke bayana ɗan wa kika ɗauka?"

Na ce, "Naki."

Ta ce, "Da furfurar tawa? Allah ya shi miki albarka."

Ashe kunyar ɗan fari Hanne ke yi, shi kuma Isiya kunyar surukai. Abin da kakata ta yi, abin da uwata ta yi. Malamarmu kuwa furarta kawai take sha a hankali.

Ba a kore ni ba. Inna ta ce a bar ni, ta daɗe ba a mayar da ita yarinya ba. Na ci jarrabawar da ƙyar, kuma har na gama aikin ana kirana Uwar Biki.

Yanzu ina aikin jin daɗin jama'a a Tsafe. Duk gidan da na shiga, kafin zuciyata ta fara tsara labari, sai na tambaya wa ke auren wa.