An Yi Wa Bututun Sharaɗa Kwalliya

Jama'a, farar rigata ta tashi aiki. Jiya ina zaune a bencina na gadi, a wata masana'antar rini a Sharaɗa, sai ɗis! koren fenti a kafaɗa. Na ɗaga kai. Bututun tururin da ya ratsa ta saman kaina, wanda tsatsa ke ci tun ina da haƙora, ya zama ango.

Na ce da Ya'u mai shayi, "Bikin wa ake?"

"Baba, manya za su zo duba lafiyar bututu."

"Shi ne aka yi masa kwalliya?"

"Ku ma in za ku asibiti ai wanka kuke."

Can sai ga shugaban masu dubawar, Mai Girma Sarkin Zagaye, Allah ya ƙara masa mai a mota, ya faka dab da bencina. Tare da shi akwai Injiniya Bilkisu da na'ura kamar rediyo. Ta ce za ta shafa wa ƙarfen wani ruwa mai yauƙi kamar kuɓewa, ta aika sauti ciki ya dawo ya faɗi kaurin da ya rage, ba a fasa komai ba. Hoton ciki dai, irin na mata.

Ni da tukunyar tururi ta taɓa fashewa a gabana na fito ina karkaɗe hula, na ce mata da sifana muke ƙwanƙwasawa mu saurara.

"Baba, tukunyar can ma kun ƙwanƙwasa?"

Yarinyar akwai baki.

Ta ce sai ta kankare fentin da tsatsar tukuna. Mai Girma ya zabura: "Ba a ɗauki hoto ba!" Aka ɗauka, ya yi kyau ƙwarai. Sannan ta hau tsani ta kankare wuri kamar faɗin tafin hannu, ta ɗora na'ura, ta duba. Ta sauko ta raɗa masa magana.

Mai Girma ya sanar cewa bututu lafiya lau, a dai ƙara masa fenti don ya yi kauri. Muka tafa. Kafin tafin ya ƙare, ya yi wa direbansa ido, aka janye motar zuwa can gindin darbejiya.

Ban yi boko ba, ban san abin da na'urar ta faɗa ba. Amma yau duk mai nemana ya zo gindin darbejiya. Ya'u ma ya kawo teburinsa, wai inuwar ta fi daɗi.