Ɗigo Uku na Man Keke

"Lafiya lau, Amarya. Ya gajiyar jiya?" in ji Baba, yana kishingiɗe a baranda.

"Gajiya tana nan, kai ka jawo ta," in ji 'yata. Ko zama ba ta yi ba, ta dire motar a kan teburinsa.

Ina gefe ina shanya, na ce a raina yau akwai kallo. Tsakanin mahaifina da jikarsa ba a shiga, wanda ya shiga shi zai ji kunya.

Motar kuwa ba ta hawa ba ce. 'Yar mitsitsiya ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, irin wadda ake tuƙawa da rimot ana tsere a fili mai yashi da tudu. Yarinya ta girma, tana aiki a shagon gyaran waya, amma duk Asabar tana can wajen abin wasa. Na yi faɗa har bakina ya gaji. A ɗakin Baba motar take kwana, don shi ne mai tebur da kayan aiki. Shekara arba'in ya yi yana gyaran keken ɗinki kafin ciwon gwiwa ya sa ya rufe shago.

Ta ce jiya wajen gwaji motar ta kama kuka kamar injin markaɗe, daga nan ta tsaya cak, inji yana juyawa taya ba ta motsi. Ta cire murfi ta nuna masa giya biyu, wato faifan nan masu haƙora: ƙarama ta ƙarfe, da babba ta roba wadda ƙaramar ke juyawa. Haƙoran babbar sun cinye, wani baƙin abu ya danƙare a kansu.

"Dubi, Tsoho. Ta koma bakinka sak."

"Bakina ya yi shekara saba'in yana aiki. Taki wata nawa ta yi?"

"Wa ya sa mata mai?"

"Zufa ce. Duk wanda kika tuƙa sai ya yi zufa."

Ta dangwala yatsa ta kai hanci. Ta ce ko a cikin barci ta san ƙamshin man keke, a cikinsa aka raine ta. Baba ya ce sharri ne, shi rabonsa da gwangwanin mai har ya manta kamanninsa. Ya ce ma a zamaninsa ya taɓa gyara keken da ya faɗa rijiya, ya fito yana ɗinki da kansa, don haka ba 'yar da aka yi wa yaye jiya ce za ta koya masa giya ba.

"Keken ɗinki a ɗaki yake zaune, Tsoho. Wannan a yashi take gudu, giyarta a waje take. In ka sa mai, yashi ya manne, sai ya yi ta goge haƙoran har su ƙare. A bushe ake barinta."

"Ƙarfe a bushe? Allah ya sawwaƙe. Kamar a ce a bar ki ba surutu."

Ta ce ya yi ta wasa. Ƙarfe huɗu za a fara tsere, giya ɗaya ce ta rage mata a jaka, in ta tafi shi ke nan ta fita daga gasar bana. Sannan ta yanke hukunci: daga yau motar a ɗakinta za ta riƙa kwana, kada ya ƙara taɓa ta.

Wallahi sai da na ji tausayinsa. Ni na san abin da ba ta sani ba. Duk ranar da ta tafi aiki, sai ya sauko da motar nan ya goge ta, ya juya tayoyin yana saurare, ya yi ta yi mata hira. Tun da ya rufe shago ita kaɗai ce abin da ya rage masa mai juyawa. Ya gyara hula, ya kau da kai yana kallon katanga kamar an ba shi gadinta.

Ta zauna ta kwance tsohuwar giya, ta ɗaura sabuwa. Ta yago 'yar takarda ta sa tsakanin haƙoran biyu, ta matso da inji ta ɗaure, ta zare takardar. Wai haka kowa ke yi, don a bar ɗan sarari. Ta tura motar a kan tebur.

"Ta matse," in ji Baba, bai ko waiwayo ba.

"Da ƙeya ka gani?"

"Da kunne. Sake turawa, ki rufe bakin nan na minti ɗaya in za ki iya."

Ta sake turawa. Ni ban ji komai ba, amma na ga fuskarta ta canja. Ya ce mata duk zagaye ɗaya akwai inda sautin ke shaƙewa, don faifan roba ba ya cika da'ira daidai, ita kuma ta sa takardarta a inda ya fi sakewa. Sai ta juya shi a hankali ta nemo inda ya fi matsewa, a nan za ta auna. In ba haka ba, kafin zagaye na uku a filin tsere sabuwar ma za ta bi 'yar'uwarta.

Ta dubi motar, ta dube shi. Can ta tura masa motar gabansa.

"An ce kada in taɓa."

"Taɓa, amma ina kallon hannunka."

Ya sa tabarau. Da farko ya ce ta miƙo tsohon buroshi, ya bi haƙoran ƙaramar giyar ɗaya bayan ɗaya, sai ga baƙin yashi yana zubowa a kan tebur. Ya ce da wannan kaɗai ya isa ya cinye sabuwar. Sannan ya yi ta juya faifan da babban yatsa, kansa a karkace, har ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sassauta, ya matsa inji kamar kaurin gashi, ya ɗaure.

Ta ajiye motar a ƙasa ta danna rimot. Ta zagaya tsakar gida sumul, ba kuka ba gurnani, ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanyata ta dawo.

"To, wa ya sa mata mai?" in ji ta, a hankali wannan karon.

Baba ya tuntsire da dariya har da tari. "Ɗigo uku ne kawai. Na ga ta bushe, tausayi ta ba ni."

"Uku?"

"Kullum."

Ta dafe kai, ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ta ɗauki ɗan makullin da ake saita injin da shi, ta danƙa masa a tafin hannu. Ta ce daga yau saiti aikinsa ne, kuma ƙafarta ƙafarsa zuwa fili, don ba ta da kunne irin nasa balle ta bar shi a gida.

Ya jujjuya makullin, ya ce ƙarfen banza ne, a zamaninsa ko kyauta ba zai karɓa ba. Ya jefa shi a aljihun gaba, ya dafa aljihun. Sai ya juyo wajena ya tambaye ni inda na ajiye masa takalmin fita.

Rabon da ya tambaye ni takalmin nan tun ranar da ya rufe shago.