Ranar da Na Goge wa Mamaci Tsage

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan so, da yammacin da wata tsohuwa ta nuna aikina da sandarta a gaban mata cike da ɗaki, ta ce ita ba ta san mutumin da ke ciki ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ban daɗe da dawowa Bagudo ba daga Birnin Kebbi, inda na yi wata shida ina koyon aikin hoto da kwamfuta. Wata shida kacal fa, amma in ka ga tafiyata ka rantse ni na ƙera kwamfutar. Na kama ɗan shago kusa da tasha, na zuba kwamfuta ɗaya, firinta, sikana da wani janareta mai yawan tari, na kafa allo na rubuta "Injiniya". (Ba wanda ya ba ni sunan nan, ni na raɗa wa kaina, ba rago ba goro.) Katin biki, kalanda, sitika, duk ina yi. Amma abin da ya fito da ni shi ne gyaran fuska. Amarya ta zo da ƙuraje, ta fita sumul. Ango ya zo baƙi kamar gindin tukunya, ya fita fari tas har uwarsa ta tsaya tana tantama. Ba wanda ya taɓa cewa na wuce gona da iri, kullum ƙari ake nema. Haka hannuna ya saba: duk abin da na gani a fuska wanda ba ido ba, ba hanci ba, ba baki ba, sai na share shi.

A shekarun nan kuwa, tun da aka kawo shari'a, gidaje da yawa sun ajiye kiɗa sun koma walima. A yi wa'azi, a ci shinkafa, a yi addu'a, a watse. Sai na shigo da sabon abu. In haɗa hotunan dangi su riƙa motsi, wannan ya shigo wancan ya fita, sunaye na tasowa, furanni na zuba, a haska a bango da majigi. Ba kiɗa ba rawa, saboda haka ko malaman da ke gunaguni a kan hoto suka kawar da kai. Kasuwa ta buɗe, kaina kuma ya ƙara girma.

Ana haka sai ga Alhaji Garba, dillalin bandar kifi, zai aurar da ɗansa. Ya zaro wani ɗan hoto daga cikin ambulan, bai fi kwalin ashana ba, baƙi da fari, ya koɗe, duk ya tsattsage, gefe ɗaya ma ruwa ya taɓa ci.

"Injiniya, wanga hoto shi kaɗai gare mu na mahaifina, Baba Mamman," in ji shi. "Ka riƙe shi da kyau."

Ya zauna ya yi mini bayani. Baba Mamman yana da yaya, Gwaggo Dije, wadda aka kai aure wani ƙauyen masunta a ɓangaren Benin tun tana da ƙuruciya. Ya rasu da damina, kogi ya cika, kafin labari ya kai mata an riga an yi bakwai. Yanzu ta tsufa, ido ya yi rauni, an sha miƙa mata hoton nan tana jujjuyawa ba ta ganin komai sai duhu. Za ta ƙetaro don bikin, kuma kowa ya san da wuya ta sake ƙetarowa.

"So nike ta ga ƙanenta ƙato a bango, ko sau guda," ya ce.

Na daki ƙirji na ce ya bar mini komai.

Na sa hoton a sikana, na buɗe shi, na jawo shi kusa har kumatun Baba Mamman suka cika allon. Na fara da tsagewar takarda, wannan kam aikina ne. Na cire tabon ruwa. Sai hannu ya yi daɗi. Ga wasu layuka nan jere a kumatunsa, daga gefen baki suna hawa zuwa kunne, dushi-dushi. Zan so in ce muku na ɗauka lalacewar hoto ce, kuma haka na riƙa faɗa wa mutane shekara da shekaru. Ƙarya nake. Na san tsage ne sarai. Ni da na tashi a gidan da ubana ke da irinsu! Kawai na ce a raina, ai yanzu zamani ne, bari in fito musu da tsohon nan tsaf, za su yi mamaki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge. Akwai wani guda a kuncin hagu da ya karkace ya bar layin 'yan'uwansa, shi na fara cirewa, har ina tsaki. Na ƙara masa haske. Na ɗora masa hula mai aiki wadda bai taɓa sawa ba a duniya. Da na gama, Baba Mamman masunci ya koma kamar ɗan takarar kansila.

Alhaji Garba ya aiko a nuna masa kafin ranar, na ce a'a, abin mamaki ba a ɗanɗana shi. (Ku ji fa. Allah ya kawo mini mafita har ƙofar shago, na kore ta.)

Ranar walima aka ce a fara nuna wa mata, tunda don Gwaggo aka yi. Bayan la'asar aka toshe tagogin babban falo da barguna, aka shigo da ni da kayana, na sha shadda da turare. Aka zaunar da Gwaggo Dije a kujera gaba-gaba, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda a hannu. Alhaji Garba ya tsaya bakin ƙofa. Hoton ango ya wuce, aka yi guɗa. Na amarya ya wuce, 'yan mata suka yi shewa. Ni kuwa ina bayan majigi ina kumbura.

Sai bango ya yi duhu, sunan Baba Mamman ya taso da ruwan zinariya, furanni suka fara zuba. Hoton ya fito ƙarami, yana matsowa a hankali, yana girma, yana girma (ni na tsara shi haka, don ya ratsa zuciya) har fuskar ta cika bango. Sumul. Ko ƙwarzane babu.

Ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina, yauwa, ya kama su.

Gwaggo ta dafa sanda ta miƙe, ta taka har gaban bango, inuwarta ta faɗa a kan haɓarsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Garba, wa na wanga?"

"Baba na, Gwaggo," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A'a. Wanga ba Mamman na ba. Ina tsagenai?" Ta buga bangon da sanda. "Wa yay yi wanga aiki?"

Duk ɗakin ya juyo. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, ai gyara ne."

"Gyara?" Ta kama kuncinta da yatsu biyu ta ja, ga nata tsagen nan reras. "Ɓatacce na shi da? To taho ka gyara ni, ga ni."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Daga baya can wata mata ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ai ɗan gidan Malam Isa ne, uban nasa ma fuska cike da tsage." Na kai hannu in tsayar da abin, na danna wani wuri daban, ya koma farko. Suna ya sake tasowa, furanni suka sake zuba, baƙon mutumin nan ya sake matsowa. Sai da na fizge waya daga bango.

Dariyar ba ita ta kashe ni ba. Da aka yaye bargo haske ya shigo, na ga Gwaggo ta koma kujerarta tana share ido da bakin mayafi. Ta hau kwalekwale, ta hau mashin, da tsufanta, don ta ga ƙanenta, ni kuma na nuna mata wani ƙato da hula. Alhaji Garba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce kawai, "Gobe da hantsi za ta koma."

Da sassafe na tafi gidan na durƙusa na ba da haƙuri, na roƙi a ara mini Gwaggo awa ɗaya. Aka kawo ta shago. Na sake sa ɗan hoton a sikana, amma tsagen ya koɗe ƙwarai, rabi ana gani rabi sai an yi hasashe. Ta ce, "Mi kaka wahala? Ga su nan fuskata, wanzami guda yay yi muna." Na ɗauki hoton kuncinta, na riƙa kwafowa ina ɗorawa a nasa, layi bayan layi, tana manne da allo hancinta kamar zai taɓa gilashi, tana ba da umarni. Cire hular nan. Mai da shi baƙinsa. Wannan ya yi tsawo. Injiniya guda, ina ta "to Gwaggo, to Gwaggo".

Da na ce na gama ta girgiza kai. "Saura guda. Na hagu, karkatacce."

Wanda na fara cirewa ke nan, har da tsaki.

"Ni ar riƙe da ƙafafunai ranar," ta ce. "Ina yarinya. Ya yi shuri, na sake shi, aska ta goce. Innarmu ta ba ni kashi. Har ya girma shina ce mani ni na ɓata mashi fuska."

Na mayar da shi, a karkace yadda yake. Ta ɗora tafin hannunta a kan allon, ta ce, "Mamman." Sau ɗaya ta faɗa. Ni kuwa na duƙa ina ta gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Na buga mata shi babba, aka naɗe a leda saboda ruwa, ta tafi da shi. Ba ta sake ƙetarowa ba.

Allon "Injiniya" bai kai ƙarshen wata ba na sauke shi, tunda duk tasha ta koma kirana Wanzami, kuma har yau sunan bai sake ni ba. Ranar da abin ya faru ma da na koma gida na zauna ina kallon babana yana cin tuwo, karo na farko a rayuwata ina ƙirga layukan fuskarsa. Ya ɗago ya ce, "Lafiya? Ko ni ma gyaran za ka yi mani?"

Tun daga nan, ko ƙuda na gani a fuskar mutum cikin hoto, ba na taɓa shi sai na tambaya ko na gado ne.